Rim a Kan Sikelin Citta

Rukayya tana tsakar gida tana gugar farin yunifom ɗinta na asibiti sai ga mahaifinta, Alhaji Mijinyawa, ya dawo daga kasuwa tun kafin Azahar. Wannan kaɗai ya isa ya faɗar da gaban mutanen gidan, domin a kakar citta Alhaji ba ya barin sitonsa sai rana ta yi sanyi. Ko sannu da zuwa bai amsa ba. Ya tsaya a ƙofar kicin ya gaya wa matarsa Mama A'i, da muryar da ya san za ta kai har wurin guga, cewa a dakatar da sa ranar auren Rukayya da aka shirya yi mako mai zuwa.

"Yaron nan Irfan ɗan tsere ne, ɓoyewa kawai yake yi," in ji shi. "Na binne ɗa saboda mota, ba zan ƙara da 'ya ba."

Sai da Mama ta yi mata tsawa sannan Rukayya ta ɗaga dutsen guga daga kan rigar.

Abin da ya faru ba shi da yawa, amma kasuwar Kafanchan ba ta buƙatar abu mai yawa. Da safiyar nan Irfan ya faka 'yar jar motarsa mai guntun baya a ƙofar siton Baba Ezekiyel, wani dillalin citta da ke layi ɗaya da Alhaji. Ya fito da rim ɗin taya guda uku na aluminiyom, irin waɗanda samari ke canza wa mota don gayu, ya roƙi aron sikeli. A kan sikelin da ake auna buhunan citta ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa allurar kamar mai auna gwal. 'Yan dako suka ajiye aiki suka zo kallo. Kafin labarin ya isa siton Alhaji, rim uku sun zama goma, kuma an ce gasar gudu zai shiga a Jos.

Da wani uba ne, da dariya zai yi. Amma Alhaji ya taɓa samun ɗa mai suna Jamiluddeen, yaro mai fara'a wanda ya saka wa motarsa rim masu walƙiya, ya shiga wasan mota a bikin abokinsa a hanyar Zonkwa. Rukayya tana kujerar baya ranar, tana 'yar sakandare. Shi bai dawo ba. Ita ta dawo da hannun hagu wanda ya karye wuri biyu, ya warke amma ƙarfinsa bai dawo ba: yana riƙe abu, ba ya ɗaukar nauyi. Tun daga nan aka daina ambaton sunan Jamiluddeen a gidan, aka daina ambaton hannun ma, don duk wanda ya tuna ɗaya ya tuna ɗayan. Rukayya ta saba yafa mayafinta ta gefen hagu. Ranar farko da Irfan ya zo zance ma sharaɗi ɗaya ta kafa masa, cewa kada ya taɓa yin maganar hannunta, ko da ita ko da wani. Ya yi alkawari.

Da ƙyar Alhaji ya yarda da shi tun farko, saboda motar nan. Sana'ar haɗa sola Irfan yake yi, yaro ne mai sanyin hali, amma motar tasa ja ce, ga ta ƙasa-ƙasa kamar mai shirin tsalle. Abin da ya cece shi shi ne yadda yake tuƙa ta kamar ya ɗauko kwandon ƙwai, har 'yan acaɓa suna masa hon. Yanzu kuwa duk wannan ya zama munafunci a idon Alhaji.

Rukayya ta shige ɗaki ta kira shi a waya. Ta tambaye shi me ya kai shi auna rim a tsakiyar kasuwa, a layin Baba, alhali ya san tarihin gidansu. Ya ce shi sikeli kawai ya nema, bai yi zaton abin zai zama labari ba. Ta ce to me zai yi da su? Ya ce akwai dalili, ta yi haƙuri.

"Dalilin ba shi da suna ne? Irfan, an fa dakatar da sa rana."

"Na ji. Baba ya aiko in zo gobe bayan La'asar, in taho da su."

"To me za ka ce masa?"

"Abin da zan iya faɗa," in ji shi.

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo. Tsoro ya kama ta, irin wanda yake sa mutum ya fara tono abubuwan da ya wuce ta kansu. Ta tuna kwanakin baya ta ga wayarsa cike da hotunan rim, wasu siraran ƙafafu kamar na gizo-gizo, wasu baƙaƙe, yana ta gwada wannan da wancan. Ta tuna Jamiluddeen ma haka ya fara, da hotuna. Kuma shi ma mai sanyin magana ne a gaban Baba. Mama ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce ta yi ta addu'a, in alheri ne ba zai wuce ta ba, amma ita ma idonta ya yi ja. Rukayya ba ta iya cin abincin rana ba, na dare ma tsakura kawai ta yi.

Washegari ta hau bas zuwa Manchok, inda take aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Rabin ranar ta yi shi kamar ba ita ba, har ta tambayi wata mai ciki sunanta sau biyu. Abokiyar aikinta Roseline, 'yar Baba Ezekiyel mai sikelin, ita ta ja ta bayan ɗakin magani. Roseline ba ta iya riƙe labari, ballantana wanda aka yi a gabanta, don jiya tana hutu ta kai wa babanta abinci kasuwa.

"Rukky, wannan bobo naki fa, kan shi ya taɓu kaɗan," ta ce tana dariya. "Bayan ya gama auna rim, ya je wurin mai faci an sa ma kowane taya. Ya dawo ya ce mun, sista Roseline, abeg ki ɗaga mun wannan. Na sa hannu biyu, ya ce a'a, da hannu ɗaya, ki ɓoye na hagu a baya. Duka uku sai da na ɗaga! Wai wanne ne bai wahal da ni ba."

Ta daina dariya da ta ga fuskar Rukayya.

Ai Roseline ma tana wurin ranar da abin ya samo asali, mantawa ta yi. Irfan ya riga ya ce bayan biki Rukayya ce za ta riƙa zuwa Manchok da motar, tunda shi aikinsa a cikin gari yake, ta huta da jiran bas. Watan da ya wuce yana koya mata tuƙi, Roseline tana baya a matsayin 'yar rakiya, taya ta yi faci bayan sun wuce Kagoro, a wurin da babu gida ko ɗaya. Rukayya ta ce ita za ta canza, ai wata rana ita kaɗai za ta kasance. Ta taka sifana da ƙafa ta kwance noti, ta ɗaga jak, duk ta iya. Da aka zo ɗora safayar taya mai rim ɗin ƙarfe a mazauninta, hannun ya ƙi. Ta gwada, ta sake gwadawa, tayar ta zame ta faɗi. Ta juya baya tana share ido da mayafi. Irfan ya ɗauka ya ɗora, ya ɗaure noti, suka dawo gida, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu ta gane abin da ya sa ba zai iya ba Baba amsa ba. Alkawarin da ta sa shi ya ɗauka ne ya ɗaure masa baki, kuma ta san shi, zai tsaya a rasa auren kafin ya karya.

Ta nemi izini ta fita a guje. Bas ɗin kuwa kamar da gangan, sai da ya cika ya batse kafin direba ya tayar, kuma duk wanda ya ɗaga hannu a hanya sai an tsaya masa. Tana jin kiran La'asar tun suna Kagoro. Ta kira Irfan, wayarsa a kashe. Zuciyarta ta riƙa raya mata cewa an riga an gama, an sallame shi, ya tafi.

Da ta sauka daga acaɓa ta ga jar motar a ƙofar gida. Ta bi ta ƙaramar ƙofa ta tsaya a bayan labulen zaure. Alhaji yana kan kujera, Irfan yana durƙushe, tayoyi uku a jingine da bango.

Irfan yana bayanin rim ɗin ne a hankali, kansa a ƙasa. Na farko, mai siraran ƙafafu da walƙiya, faɗinsa ya yi yawa, tayarsa siririya ce, ramin farko a hanyar Manchok zai lanƙwasa shi. Na biyun ba shi da nauyi sosai, amma zubi ne marar kyau, irinsa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi gaba ɗaya. Na ukun toka-toka ne, ba shi da wani kyan gani, daidai girman na motar, tayarsa mai kauri, kuma shi ya fi duka sauƙin nauyi da ƙwari. Shi ya zaɓa, sauran biyun zai mayar wa mai shago.

"Na ji," in ji Alhaji. "Na ƙarfen da motar ta zo da su, me suka yi maka?"

"Suna da nauyi, Baba."

"Wa nauyin ya dama, in ba mai son gudu ba?"

Irfan ya yi shiru. Alhaji ya maimaita tambayar, ya ce in yana da amsa ya faɗa yanzu, in babu ya kwashe kayansa, zai aika wa iyayensa saƙo. Rukayya tana ganin zufa tana bin wuyan Irfan. Daga ƙarshe ya ce Baba ya yi masa afuwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki tayar farko.

Ta ɗaga labulen ta shiga, ta durƙusa. Ta dubi mahaifinta.

"Baba, ni nauyin ya dama."

Ta zame mayafin daga kafaɗar hagu, ta miƙa hannun a gaban mahaifinta, abin da ba ta yi ba tun da aka cire mata filasta. Ta ba shi labarin facin Kagoro, da alkawarin da ta ɗaura wa Irfan, da abin da Irfan ya sa Roseline ta yi a kasuwa. Tana magana hawaye na zuba, Mama A'i ma tana nata kukan daga bakin ƙofa.

Alhaji ya dubi tayoyin nan uku. Can ya tashi ya ce a fita da mai toka-tokar waje. Aka ɗaga motar a kan jak, aka cire tayar gaba. Rukayya ta gangaro da sabuwar, ta kama ta da hannun dama, ta tokare da gwiwa, na hagu yana daidaita ta kawai. Ta yunƙura, tayar ta hau ta zauna. Ta ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙe tana haki, yunifom ɗin ya yi baƙi a gwiwa.

Alhaji ya sunkuya ya ɗaga tsohuwar tayar ya ji nauyinta, ya ajiye. Sannan ya kama hannun hagun 'yarsa ya riƙe cikin tafinsa, yana dubansa.

"Shekara nawa ina gudun kallon hannun nan, don kada in tuna Jamilu," ya ce. "Ashe wani yana can yana auna masa abin da zai iya ɗauka."

Ya juya wurin Irfan ya ce sa rana tana nan yadda aka shirya. Ya ƙara da cewa nan gaba in zai auna wani abu ya zo sitonsa, ai shi ma yana da sikeli, ba sai ya tara masa 'yan dako ba.

An yi bikin bayan an gama kwashe citta. Motar tana nan da rim ɗinta marasa kyan gani, samari suna cewa an ɓata ta, Rukayya kuwa kullum da safe ita ke tuƙa ta zuwa Manchok, Roseline a gefe tana zuba surutu. Wanda ya yanke wa mutum hukunci da jita-jitar kasuwa zai iya korar alheri daga ƙofar gidansa da hannunsa, kuma shirun mai riƙon alkawari ba rashin gaskiya ba ne. Masoyin ƙwarai shi ne wanda ya ga rauninka, bai tallata shi ba, ya je ya rage maka nauyi. Shi ya sa har yau, in Rukayya ta buɗe but ɗin motar ta ga safayar nan mai toka-toka, sai ta ɗan ɗaga ta da hannu ɗaya kafin ta rufe.