Tambayar Malam Maigandi

"Yanzu?! Labbo, yanzu-yanzu kake nuhi?"

Riskuwa ta miƙe zumbur har gyalenta ya zame daga kafaɗa.

"Sun sauka tasha, Baba da Baiwa. Kwantar da hankalinki, rabin raina..."

Ina hankali zai kwanta! Riskuwa malamar kwamfuta ce a jami'a a Sakkwato, aikin bincikenta kuwa koya wa na'ura tunani irin na gwanayen noman shinkafa: a faɗa mata alamun ciwo, ta yi tambayoyi, ta ba da shawara. Gwajin aikin ne ya dawo da ita garinsu Birnin Kabi, ofishin gona, inda ta haɗu da Labbo, malamin gona ɗan Argungu. Tun ana maganar ganyen shinkafa har aka koma maganar zuciya.

Matsala ɗaya ce: mahaifin Labbo, Malam Maigandi, ya ƙi tura manya neman aure. Dalili bai faɗa ba, ya dai ce ba ya son akwatin nan, wato na'urar Riskuwa. Baiwa kuwa, 'yar ƙanwar Malam Maigandi da ta daɗe da sa ido a kan Labbo, ita ke ta kai masa labarin akwatin da gishiri.

"Shina ganin wasan yara nike yi," in ji Riskuwa. "In na'urar ga ta ba ni kunya yau, shi ke nan, na rasa ka."

"Ba ki rasa ni, in sha Allah."

Sallama suka ji.

Dattijo ne dogo, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Riskuwa ta durƙusa ta gaishe shi. Baiwa ta shigo a bayansa tana taunar cingam, tana ƙare wa ɗakin kallo.

"Ke ta Riskuwa?"

"Ni ta, Baba."

"To, tashi ki nuna min abin naki."

Ta zauna gaban na'urar. Ya yi tambaya kan shinkafar da ganyenta ke ja daga baki. Ta buga da Turanci, na'urar ta tambayi launin ƙasa da kwanakin shuka, sannan ta ba da amsa. Riskuwa ta fassara. Dattijo ya gyaɗa kai kawai.

"Kawu, yi mata waccan tambayar mana," Baiwa ta ce tana murmushi.

Ya gyara zama.

"Ina da gona bakin gulbi. Tambaye ta, bana ruwa na cinye ta ko ba su ci?"

Riskuwa ta buga. Koren rubutu ya fito layi ɗaya tak.

Ta sake karanta shi.

Daga dattijon har Baiwa ba mai karanta Turanci. Labbo kuma, ta sani, ko me ta ce ba zai tona ta ba. Kalma biyu masu daɗi sun isa ta fita kunya. Wallahi ta so ta faɗe su, don tana son Labbo so mai tsanani.

Ta sunkuyar da kai.

"Baba... ta ce ba ta sani ba."

Baiwa ta tuntsire da dariya har da tafi.

"Ayyurure! Duk karatun ga, ashe hwanko na!"

Hawaye suka cika idon Riskuwa, amma ta daure.

"Ni na koya mata hakanan, Baba. Abin da manoma sunka gani da idonsu sunka hwaɗa min, shi ɗai ta sani. Abin da bai zo ba, sai Allah."



Malam Maigandi ya juya a hankali ya dubi 'yar ƙanwarsa.

"Baiwa, ba ke kinka ce min akwatin ga duba yake yi ba? Kinka ce yarinyar ga ta aje boka na ƙarhe, shina hwaɗin gaibu?"

Cingam ya tsaya a bakin Baiwa.

"Kawu, ni dai haka naj ji..."

"Jira ni waje."

Ta fita sumui-sumui. Sai a lokacin Riskuwa ta gane ashe ba rainin aikinta dattijon yake yi ba, tsoron shirka a cikin zuriyarsa ne ya hana shi barci.

Ta ɗago tana jiran ya ce mata wani abu.

Bai ce ba. Kai, ko kallonta bai sake yi ba! Ya kawar da fuska gefe, ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Labbo."

"Na'am, Baba."

"Ka ce mata Allah shi yi ma aikinta albarka. Ka kuma ce mata ta shaida ma mahaihinta, ran Juma'a bayan an sauko masallaci ƙannena na tahe."

Riskuwa na zaune taku biyu daga gare shi, amma saƙo ake ba ta ta bakin wani. Ta ja gyale ta rufe fuskarta ruf, dariya da kuka suka haɗe mata.

Dattijo ya riga ya fara jin kunyar surukarsa.