Ba a Wuce Arba'in a Gidan Tambari

"Mi ne wanga, Abban Sadiya?"

Jibrin bai gama jingine mashin ɗinsa ba Zulaiha ta watso masa farin yadin a gaban ƙafa. Ya dawo ne daga shagonsa na kasuwa cin abincin rana, ko sallamarsa ba ta amsa ba.

Ya dubi yadin, ya kawar da kai. "Wa ya ce ki taɓa min kaya?"

"Shekara tara nike auren mai sai da yadi, na san alawayyo in na gan shi! Ƙyalle uku, an yanka, an naɗe da turare, an tura ƙarƙashin shaddodinka. Likkafani ka yanka ma kanka, Jibrin?"

Tun da aka kawo ta gidan nan na unguwar Gidan Dahala ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba sai yau.

"Rage murya, Zulai... Musulmi ba ya shirin mutuwa?"

"Shiri? Mai shiri asibiti yake zuwa! Maman Faith ta auna jininka tac ce ya hau ƙwarai, ta rubuta maka inda za ka tahi, ka ninke takardar ka ɗaure allura da ita!"

Maman Faith maƙwabciyarsu ce, ma'aikaciyar jinya. Wata biyu ke nan da ta auna shi, ranar da ciwon kai ya hana shi buɗe ido.

Jibrin ya zauna a bakin baranda, ya cire hula. Muryarsa a kwance, kuma kwanciyar ce ta fi ƙona mata rai.

"Kin san gidanmu. Kakana Tambari yana talatin da tara ya rasu. Babana arba'in ba wata biyu. Ƙanen babana talatin da takwas. Mu mazan gidan ga ba mu wuce arba'in, kowa ya sani. Ni ko bayan babbar sallah nike cika ta. Mi ƙwaya za ta yi?"

Ta sha jin wannan magana. A gidansu Jibrin haka ake faɗinta kamar ana faɗin sunan unguwa. Ranar suna a faɗa, ranar biki a faɗa, a yi ajiyar zuciya a ci gaba da cin tuwo. Saboda wannan magana ya ƙi sayen fili, ya ƙi faɗaɗa shago, ko itacen mangwaro da ta ce ya dasa a tsakar gida cewa ya yi wa zai sha 'ya'yansa. Da tana dariya, tana cewa tsoro ne na maza. Yanzu dariyar ta ƙare.

"To bari in gaya maka abin da ba ka sani ba," ta ce, tana gyara goyon Aminullahi da ya fara mutsu-mutsu a bayanta. "Sati uku Sadiya na ƙin makaranta. Na yi lallashi, na yi hwaɗa, har duka na kusa yi. Jiya tac ce min tana tsoron ta tahi ta dawo ta iske babu kai. Ta ji ka a zaure kana ce ma ƙanenka Salisu in lokaci ya yi ya riƙe maka su!"

Jibrin ya ɗago da sauri.

"Ɗiyar shekara bakwai! Ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar mashin ɗinka. Kai ka zaɓi ka kwanta ka jira, wannan kai da Ubangijinka. Amma wallahi ba za a ɗora ma ɗiyana wanga kaya ba. Wanga na bayana ma namiji ne, shi ma in fara ƙidaya mai?"

"Zulai..."

"Kada ka Zulai ni!"

Ta zari hijabi, ta leƙa ta bar Sadiya wajen Maman Faith, ta fice. Ba yaji ta yi ba. Ita ba ta iya barin matsala a tsakar gida ta tafi ta yi kuka a ɗakin uwarta ba. Tambaya ce ke cinta, kuma mutum ɗaya ta san zai iya amsawa.

Goggo Binta, ƙanwar mahaifin Jibrin, tana tsince shinkafa a faifai sa'ad da Zulaiha ta faɗo mata. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Goggo, don girman Allah ki hwaɗa min gaskiya. Duk mazan gidan ga, ba ko ɗaya da ya tsufa? Ko guda?"

Hannun tsohuwar ya tsaya.

"Wa ya aiko ki?"

"Likkafani ɗanki ya yanka."

"Innalillahi..." Goggo ta aje faifan. "Akwai Yaya Ɗanladi. Shi ne babbanmu, uwa ɗaya uba ɗaya da uban mijinki. Yana nan unguwar Gawon Nama yana dukanci. Ya ba saba'in baya."

Zulaiha ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Yana raye? A garin ga?"

"Ranar zaman makokin uban Jibrin, Yaya Ɗanladi ya tashi gaban mutane yac ce mu munka bar ƙanenai ya ƙi magani, muna ta ce mai ai gado ne. Inna, uwar mijinki, tana cikin zahin takaba, tac ce kada ya sake taka mata gida, kada a sake kiran sunanai gaban ɗiyanta. Mu ma duk munka yi hushi da shi. Shekara talatin ke nan."

"Sai kunka cire shi daga ƙidaya."

"Ɗiyata, ba haka..."

"Haka ne, Goggo! Kun ƙidaya matattu kun bar mai rai, kun ba yaro ɗan shekara tara ya girma da shi! Kuna kallo yana ƙin gina gida, kuna kallo yana ƙin magani, ba wanda ya buɗe baki?"

Ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba. Goggo ba ta tsawata mata ba, gefen zane ta sa ta share ido, ta kwatanta mata rumfar.

Bayan la'asar ta koma gida. Jibrin na nan inda ta bar shi, abincin na rufe.

"Tashi ka tada mashin."

"Zuwa ina?"

"Yau kai ka bi ni. In ka ƙi, wallahi ni da yaran ga gidanmu za mu kwana, har sai ka gama jiran da kake."

Ya dubi idonta, ya ga ba wasa. Ya ɗauki makulli.

Rumfar ƙarama ce a cikin wani lungu na Gawon Nama, warin jima ya cika ta, jajayen fatu rataye a jikin kara. Wani tsoho mai farin gemu ya duƙufa yana ɗinkin takalmi, tabarau a kan hanci. Da suka yi sallama ya ɗago, sai basillar ta faɗi daga hannunsa.

"Ibrahim?" ya ce a hankali. Sannan ya girgiza kai. "A'a. Ɗan Ibrahim ne. Jibo, kai ne ka yi gemu haka?"

Jibrin ya sandare. Goshin nan irin nasa ne, hancin ma, har ɗan karkacewar haƙorin gaba. Fuskarsa ce sak, sai dai ta tsufa. Bai taɓa ganin yadda fuskar gidansu take da furfura ba.

"Baffanka ne," in ji Zulaiha. "Yayan babanka. Baffa, shekarunka nawa?"

"Saba'in da huɗu, ɗiyata, in Allah ya kai mu azumi."

"To ga shi nan. Ya ce mazan gidan Tambari ba su wuce arba'in, ya ƙi shan maganin hawan jini."

Tsohon ya cire tabarau. Fara'ar ta gushe daga fuskarsa.

"Har yanzu ana wagga magana? Har yanzu?" Ya laluba ƙarƙashin buzu ya jawo wani ɗan gwangwani, ya buɗe, ƙwayoyi ne farare ƙanana. "Ciwon na gidanmu ne, gaskiya ne, ni ma ina da shi. Tun ina talatin da biyar nike haɗiyar wagga kullum sahe. Na kai ma ubanka har ɗaki, na durƙusa ma ƙanena, yac ce min ai lokaci ne. Mutuwa ta Allah ce, Jibo, ba wanda ya musa. Amma wa ya ba ka labarin ranarka? Wahayi anka yi maka? Wanda ya saukar da cutar shi ya saukar da magani, yac ce a nema!"

"An ce min..." in ji Jibrin. "An ce min duk sun rasu."

"Ga ni, taɓa ni ka ji."

Jibrin ya durƙusa, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda Zulaiha ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

"Shekara talatin, Baffa! Tun ranar da anka ɗauki Baba nike rage shekara ɗaya-ɗaya. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin ranar auren ɗiyata ba, don na san ba ni nan. Shekara talatin!"

"To ka daina ragewa. Tashi, kana jiƙa min fata."

Zulaiha ta juya baya tana jijjiga goyo. Hawaye na zuba, amma zuciyarta ba ta sauko ba. Tana tuna shekarun da aka cinye musu, da ramar da 'yarta ta yi.

Da suka fito bakin titi, Jibrin ya tada mashin, bai ja ba.

"Zulai... asibitin da Maman Faith tac ce, suna duba mutane da marece?"

"Har magariba. Na tambaya tun wata biyu."

Ya juya kan mashin zuwa can. Ta hau, ta riƙe gefen rigarsa da ƙarfi, kamar mai shirin yaga ta.

"In mun koma kai da bakinka za ka zaunar da Sadiya ka warware abin da ka ƙulla. Kuma kada ka ga na hau ka ce na huce. Ban huce ba hwa, Abban Sadiya. Ba yau ba, ba gobe ba."

Ya kai hannu baya ya dafa nata, bai saki ba.

"Yi hushinki sannu a hankali, masoyiyata," ya ce. "Ko shekara nawa zai ɗauka, in Allah ya yarda zan jira."