Ɗalibin da Ke Manta Iyaka

Ranar da ya shigo ajin darasin yamma na mahaifinta, Auta tana goge allo. Suna haɗa ido dasta ta suɓuce mata.

Dogo ake ce masa, wai jarrabawar lissafin kalkulas ce ta kayar da shi. Malam, mahaifin nata, ya danƙa mata shi ta koya masa.

"Muna neman inda amsa ta fi girma da inda ta fi ƙanƙanta tsakanin iyaka biyu," ta ce. "Ka gano inda gangaren ya zama sifili, sannan ka gwada iyakokin su ma."

Kullum sai ya manta iyakokin, kullum ta ja kujera ta sake bayani. Tun ana lissafi har aka koma hira, so ya kama ta.

"Malamata, yau ma na kwafsa. Ki ƙara haƙuri da ni, sanyin idona," ya rubuto.

Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Mai mantuwa yakan yi kuskure iri-iri, shi kuwa nasa ɗaya ne tak, tsaf kamar an yi masa guga.

Ƙawarta, wadda ita ma idonta ke kansa, ta zuga wutar. "Wannan da ya fi kowa maki a ajinsu? Ke, raina miki hankali yake."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta tura masa: "Wa kake yaudara, ni ko Baba?"

Da maganar ta kai kunnen Malam ya ce, "Wanda ya yi ƙarya a allo zai yi a gida. Ban ba shi 'yata ba."

Washegari sai ga Dogo. Malam bai amsa gaisuwarsa da kyau ba, ya rubuta x² − 2x, daga sifili zuwa uku, ya miƙa masa alli.

Auta ta dafe ƙirji. In ya yi daidai ya tona kansa, in ya sake mantawa ta gama da shi.

Ya samo inda gangaren ya zama sifili, wato ɗaya, a tsakiya. Ya tsaya. Sai ya gwada sifili, ya gwada uku.

"Baba, na iya tun farko. Kunyar yi mata magana nake ji, shi ya sa."

Malam ya dube shi. "Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Malam ya riƙe hannun angon. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma Auta, duk ranar da ya ce bai gane laifinsa ba, rabu da shi, ya gane."