Ba Ta Shiga Ba

"Ta shiga! Wallahi ta shiga, Radiyyata!"

Radiyya ko murmushi ba ta yi ba. Ta tsaya riƙe da ƙugu, rana na dukanta.

Shekarar da soja suka koma bariki ciwo ya tafi da idonta. Saurayinta Bilya mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi mata kwando a bayan shagonsa a Wudil, ya ɗaura tsohuwar ragar masunta, ya rataya marafan kwalba a jiki. Shi ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sanda, ita ta bi ƙarar ta jefa ƙwallo. In ta shiga, marafan su yi kacau-kacau.

"Bilya, na gaji."

"Zauna ki huta mana, abar ƙaunata..."

"Ba jifan ba. Kai ka gajiyar da ni. Can bakin kwata ƙwallon ta faɗa, na ji ta. Da sanda ka kaɗa marafan. Jiya ma haka. Ido na rasa, ba kunne ba!"

"Don ki ji daɗi ne..."

"Da wannan muryar ka ce min Innarka ta yarda da aurenmu. Sak muryar 'ta shiga'."

Ya sauke sandar ƙasa.

"Halliru mai shanu ya aiko gidanmu, Baba yana jiran amsata ran Juma'a. Ba na son shi. Amma ba zan auri mai lallaɓa ni da ƙarya ba, tausayi ya ishe ni a gida. Ɗauko ƙwallon."

Ya ɗauko, ya koma ya ƙwanƙwasa. Ta jefa.

Marafan ba su motsa ba.

"Ba ta shiga ba," ya ce, murya a dishe. "Ko kusa. Inna ma ba ta yarda ba. Ta ce makauniya ba ta riƙe gida, 'yar ƙaninta zan aura. Na yi sintiri wurinta a ƙauyenmu Indabo har na gaji."

Radiyya ta sauke ajiyar zuciya, ta share zufa da gefen mayafi.

"Yanzu ka yi magana. Gobe ka kai ni Indabo. Ta faɗa min da bakinta, in amsa da nawa."

"In ta kore mu fa?"

"Mu koma jibi."

"Halliru fa?"

"Ya ji da shanunsa. Miƙo ƙwallon... kuma ka ƙwanƙwasa da ƙarfi, malalaci."