Zakaran da Catello Ya Gasa

Ni na fara ganin zakaran nan, duk wanda ya ce shi ne ƙarya yake yi. Ni Gaetano, da girgizar ƙasa ta rusa gida a kaina na fito da ƙafata ina karkaɗe riga. Muna tonon tsohon garin da dutsen Vesuvio ya binne da toka, shebur ɗina ya goge wani bango, sai ga ido yana kallona. Zakara ne aka zana a jikin kantar wani shagon abinci na mutanen Roma na zamanin da, irin kantar nan mai ramukan dasa tukwane. Masu takardu daga baya suka zo suna ta ɗaukar hoto. To, su ɗauka.

Abu na biyu ma ni na fara gani. Aka kawo wata yarinya, Nunzia, mai goge zanen bango da auduga a tsinke. Ranar da ta durƙusa gaban zakaran, Catello, saurayin da ke kwashe toka a bayana, ya saki baronsa ya kife a ƙafata.

Na ce, "Ɗan jaki, idonka yana ina?"

"Yi haƙuri, Kawu Gaetano."

Nunzia ta ɗago tana dariya. "Mai baro, in ka binne mana Kawu, kai za ka sake tono shi."

Shi ke nan, yaro ya kamu. Ban iya karatu ba, amma ita da kanta take karanta mini saƙonninsu, kaina kuwa ba ya zubar da abu.

Ya rubuta mata: "Tsuntsuwata, yau wuni kika yi kina shafa tukkun zakara, ni ko kallo ban samu ba. Kishi nake yi."

Ta mayar masa: "Mai barona, shi ya jira shekara dubu biyu bai yi ƙorafi ba. Kai ma jira Lahadi."

Matsalar ita ce ubanta, Don Aniello, mai gidan abinci a bakin ƙofar tsohon garin. Mutum ne mai camfi, jan ƙahon kore maita ma a wuyansa yake kwana. Ya ce mai tonon gidan matattu ba zai taka masa kicin ba. Shi Saverio yake so ya ba ta, mai zagayawa da baƙi, sarkin turare.

Catello ya zo wurina da dabara. Ya gina ƙaramin zakara da yumɓu, ya cusa zoben marigayiya uwarsa a ciki, muka gasa a tandar burodina. Sai ya yi wautar masu sana'armu: ya goge shi da toka da garin kofi, har ya yi kama da abin da aka tono. Ya sa na rantse da Madonna, Budurwa mai tsarki ta cocinmu, bakina ba zai furta ba. Ya naɗe, ya bai wa uwar yarinyar, Donna Carmela, ta ajiye mata sai ranar bikin waliyyiyar da aka sa mata sunanta.

Saverio ya ga ƙunshin a kan kanta, ya buɗe, ya ruga wurin Don Aniello. Kowa a nan ya san wanda ya ɗauki ko tsakuwa daga garin nan, tsiya ba ta barin gidansa sai ya mayar. Makon nan kuwa miyar Lahadi ta ƙone, firij ya mutu.

Nunzia ba ta ga abin da idonta ba, ihun ubanta kawai ta ji. Ta rubuta: "Catello, don Allah gaya mini gaskiya. Daga shagon ka ɗauko?"

Shi kuma ga zuciya. Ya ce: "Tunda har kin tambaya, ba ni da amsa."

Ta zauna gefena tana kuka, ni kuma rantsuwa ta ɗaure ni.

Washegari da safe sai ga Don Aniello da zakara a kan dogon allon zura gurasar fiza a tanda, don ba ya yarda ya taɓa shi. Saverio yana biye. Suka tsaya a ƙofar shagon da muke tonowa, gaban shugabar tono, Dakta Filomena. Tana jin kalmar sata ta ciro waya za ta kira jandarmomi. Aikin yaro, sunansa da yarinyarsa duk za su tafi tare, shi kuwa sai harɗe hannu ya yi.

To, da bakina na rantse, ban rantse da gwiwar hannuna ba. Na yi kamar na yi tuntuɓe, na mangare Don Aniello. Zakara ya faɗo a kan baƙin dutsen titi ya tarwatse. Zobe ya gangaro ya tsaya a takalmin Nunzia.

Dakta Filomena ta ɗauki ɓaraguzai ta sunsuna, ta mayar da wayarta aljihu.

"Kofi ne. Don Aniello, mutanen Roma na da ba su taɓa ganin kofi ba."

"To miyata da ta ƙone fa?"

Donna Carmela, da ta biyo su da haki, ta ce, "Kallon ƙwallo kake yi, tsoho!"

Saverio ya tuna wai baƙi suna jiransa, ya sulale.

Nunzia ta ɗauki zoben. "Mai barona, ka yafe mini."

"Tsuntsuwata, nawa laifin ya fi. Saka mu ga ko ya yi miki."

Ya yi mata cif. Don Aniello ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya cire jan ƙahon wuyansa ya rataya masa. "Ka shigo kicin. Amma ka bar takalmanka a waje."

An ɗaura aure da kaka, lokacin tsinkar inabi. Ni na zauna kusa da amarya, na yi rawa har samari suka zube. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙarfi irina.

Kan zakaran yana aljihuna har yau. Mai shakka ya zo ƙofar shagon ya sunsuna. In bai ji kofi ba, ya tuɓe riga mu gwada kokawa.