Taurari Biyu a Saman Ɗorawa

Magariba ta wuce, Zinnira na tsaye a bayan garin Lakwaya, kakarta Indo ta damƙe mata wuyan hannu kamar za ta karya shi.

Gwamma ce ta jawo wannan tsayuwa, gwaggon Badaruddeen, saurayin da zai auri Zinnira. Ana dab da kawo lefe daga Dugabau matar ta bi gida-gida tana cewa yarinyar dundumi gare ta, rana na faɗuwa sai lalube. Matar da ko ruwan randarsu ba ta taɓa sha ba! Dangin ango suka dakatar da magana. Indo ta rantse sai ta wanke jikarta a gaban idonsu, ta sa aka kira su.

Ta nuna kudu, can ƙasa-ƙasa a saman ɗorawa, wasu taurari dishi-dishi. Da su marigayi mijinta yake gane hanya in sun kora shanu kudu da rani. Manyan biyu ne, ƙananan kuwa sai mai lafiyar ido.

"Ƙirga su, 'yar nan. Ki ƙirga, matar nan ta haɗiye ƙaryarta."

Zinnira ta ɗaga kai. Biyu ta gani, su ma kamar ta bayan labule. Ta daɗe da sanin idonta na gudunta da dare, ko Indo ba ta gaya wa ba.

Badaruddeen ya sunkuya kusa da ita kamar mai gyara takalmi.

"Shida ne, masoyiyata... ki ce shida."

Kalma ɗaya, a kawo lefe. Sai ta hango kanta a ɗakinsa, kowace magariba da ƙaryar da za ta ƙirƙiro.

"Biyu nake gani, Inna."

Hannun Indo ya saki.

Gwamma ta fara tafa hannu tana cewa ai dama ta faɗa. Badaruddeen ya miƙe.

"Gwaggo, na riga ki sani."

Ya ce tun farko ya lura Zinnira na dafa bangon zaure in za ta fito wurinsa, shi ya sa ya mayar da zancensu la'asar. Zai kai ta asibitin ido a Kano. Ta warke ko ba ta warke ba, ita ce matarsa, kuma da bakinsa zai gaya wa Babansa.

Indo ta goge ido da bakin zane, ta juya kan Gwamma. Ta ce ciwo na Allah ne, amma tallan marainiya a gari ba na Allah ba ne, kuma ba ta yafe ba.

Suka kama hanyar gida. Zinnira ta tsaya, hanyar ta ɓace mata.

Badaruddeen ya wuce gaba a hankali, daidai inda za ta riƙa ganin farar rigarsa.

Ta bi shi.