Buhu Goma Sha Biyu na Waken Gwaji

Ƙarfe tara na safe Dakta ta shigo ofishin Sufeton 'yan sanda, ta ƙi zama.

"Yallaɓai, jiya na ga buhunmu a bayan babur, a tsakiyar titi. Mai jan layi biyu. Bai kamata a ce akwai shi a duniya ba."

Ta yi bayani a gurguje. Shekara bakwai tana aikin wani irin wake a cibiyar binciken noma. An gyara ƙwayar halittarsa yadda tsutsa ba ta iya cin sa, manomi ya huta da feshi. Amma saura gwaji ɗaya, na lafiyar mai ci. Doka ta ce kafin nan duk abin da aka girbe a ƙona shi har da buhunan. Ranar ƙonawar tana asibiti da 'yarta.

"Idan ya shiga gonakin mutane fa?"

"Ba mai iya tsince shi. Ya gauraya da irin kowa, a rufe aikina, mu kuma ba mu san abin da muka ba jama'a ba. Ga damina a bakin ƙofa."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur, suka bi ta.

A bayan cibiyar ya shiga ramin ƙonawa da kansa, ya damƙi toka ya murza. Laushi kamar hoda.

"Kofur, ka taɓa ƙona wake?"

"A tukunya, yallaɓai. Uwargida ta hana ni shiga kicin."

"Ya zama gari?"

"A'a, gawayi ƙwaya-ƙwaya."

"To nan ko ƙwaya ɗaya babu. Kara aka ƙona."

Daraktan cibiyar ya tarbe su da takarda, yana murmushi.

"Ga shaida. Buhu goma sha biyu, an ƙona, na sa hannu."

"Da wace ashana?"

"Ashana kuma?"

"Wa ya kunna wutar? Ina ka tsaya?"

Darakta ya gyara tabarau. "Gaskiya ranar akwai zafi. Manajan gona ya kawo min takardar ofis. Haka muka saba."

Haka muka saba! Kalmomin da suka fi tsutsa cin amfanin gona. Mutum ya yi karatu mai zurfi, amma taku hamsin a rana ya gagare shi.

A sito Sufeto ya girgiza jarkar man da aka ware don wutar. Cike take har wuya.

Aka kira Manaja, dattijo mai kaushin hannu.

"Baba, da me ka ƙona?"

"Da mai, ɗana. Na juye jarkar kaf."

Sufeto ya ajiye jarkar a gabansa, man ya yi ƙara a ciki. Dattijo ya kalli jarkar.

"Shekara talatin ina noma," ya ce, "ban taɓa cinna wa abinci wuta ba. Ni na ga waken nan ya fito tas, ba feshi. Ƙanina kuwa bara sau shida ya yi feshi, maganin ya kwantar da shi. Sha ɗaya suna ɗakina. Ɗaya na aika masa jiya."

"Baba," Dakta ta ce, "don irin ƙaninka na yi shi. Amma ba zan ba shi abin da ban gama dubawa ba. Shi ba ɓeran gwaji ba ne."

Kafin la'asar Kofur ya dawo daga gidan ƙanin da buhun a ɗinke, ba a kwance bakinsa ba. Aka auna: ko awo ɗaya bai ragu ba.

Aka tara buhu goma sha biyun a ramin, Dakta ta kunna wutar da hannunta. Sufeto ya sa Darakta ya tsaya a bakin ramin har ta mutu.

Ana shigar da Manaja mota ya waiwayo.

"'Yata, gwajin da ya rage, wata nawa?"

"Takwas, Baba."

"Waken zai ci gwajin?"

"Idan bai ci ba, ni zan fara faɗa. Idan ya ci, ƙaninka zai saye shi a kasuwa, da rana tsaka, da takardarsa."

Dattijo ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Kofur hannuwansa.